Injin iska a aji biyar: yadda aikin ke tafiya a Nima, unguwa a Akra ta ƙasar Gana

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Hedimasta ya amince, da sharaɗi biyu: kada a taɓa kuɗin makaranta, kada kuma yaro ya hau rufin kwano. Darasin kimiyya na Litinin da na Alhamis zan riƙa amfani da su har ƙarshen zango, mu ga ko 'yan aji biyar za su iya ƙera injin da iska za ta juya har ya kunna ƙwan fitila guda.

Na fara da tambayarsu daga ina wutar gidajensu take zuwa. Yawanci suka ce daga mita. Wasu suka ce daga kiredit ɗin da ake aikensu saye. Yaro ɗaya ne ya ambaci Akosombo, shi ma sunan kawai ya sani. Yaran nan haihuwar 2014 da 2015 ne, shekarun da dumso, wato yawan ɗauke wuta a Gana, ya fi tsanani, saboda haka ɗauke wuta sun san shi tun suna goye, amma ba wanda ya taɓa gaya musu yadda ake yin ta. Na zana musu a allo: ruwan Volta ya taru bayan madatsa, ya gangaro da ƙarfi ya juya farfela, ita kuma ta juya janareta. Nkrumah ne ya buɗe madatsar a Janairun 1966. Yanzu mafi yawan wutar ƙasar nan daga tashoshin gas take fitowa, irin na Tema da Aboadze, amma can ma in ka bi diddigi wani ƙarfe ne ke juyawa. Na rubuta a saman allo, na hana a goge: wa zai yi mana juyin?

Alhamis, 16 ga Janairu

Filfilwa muka yi yau, da tsofaffin kalanda da tsinken tsire da fil. Kafin a tashi tsakar makaranta ta cika da gudu da ihu, har malamar aji huɗu ta leƙo ta harare ni.

Abin da na samu a nan ya fi wasan muhimmanci. Kusan rabin ajin sun ɗauka filfilwa ce ke yin iska, tunda fankar gida haka take: ta juya, iska ta fito. Ban yi musu gardama ba. Na sa aka rufe tagogi, kowa ya ɗaga tasa sama ya tsaya cik. Ba wadda ta motsa. Sannan na ce a hura. Wata yarinya da ke zama a layin baya, mahaifiyarta na sayar da koko a bakin titi, ta ce, "Malam, ke nan ita fanka cin wuta take ta ba da iska, wannan kuma cin iska take." Na ce ta zo ta rubuta shi da hannunta a ƙarƙashin tambayarmu.

Na ba su aikin gida: kowa ya tambayi babba a gidansu wane aiki iska ke yi wa mutane.

Alhamis, 23 ga Janairu

Amsoshin gida sun zo. Shanya ce ta fi yawa. Wani ya ce kakarsa ta ba shi labarin shiƙar gero a Bawku, yadda mata ke jiran iska ta taso kafin su ɗaga ƙwarya, in ba ta zo ba a zauna a yi hira. Wani kuma maƙwabcinsu ɗan ƙabilar Ga ne, ya gaya masa kafin a samu injin jirgi masuntan Jamestown da Chorkor da filafili da zanen kama iska suke shiga teku. Duka amsoshin nan biyu akwai jira a cikinsu, kuma na nuna wa yaran haka.

Yaran sun ƙagu a fara haɗa inji. Na ce ba yanzu ba. Mu fara sanin ko muna da iskar. Masu kafa manyan injina ma sai sun dasa dogon ƙarfe da ma'auni sun yi shekara ko fiye suna rubuta gudun iskar wuri kafin su zuba kuɗinsu.

Ma'auninmu: kofunan roba huɗu na yogot, a soke su a bakin sanduna biyu da aka gicciye, duk bakinsu na kallon gefe guda, a kafa tsakiyar a kan fensir da ƙusa yadda za ta juya ba tangarɗa. Kofi ɗaya mun shafa masa jan farce na wata malama don a iya ƙirga zagaye. Yaro ɗaya na riƙe, ɗaya na ƙirga, ɗaya na duba agogo minti guda, ɗaya na rubutu. Ba ya ba mu mita nawa a daƙiƙa, amma yana gaya mana nan ya fi can, yanzu ya fi ɗazu, kuma wannan muke nema. Wurare uku: tsakar makaranta, bakin ƙofa wajen titi, da barandar aji shida a sama. Lokaci uku: bayan taron safe, lokacin tara, da gab da tashi.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Littafin ma'auni ya fara magana, kuma yaran ba su ji daɗin abin da ya ce ba. Da safe tsakar makaranta sifili ne, shafi bayan shafi. Gidajen Nima a manne suke da juna, lungu ba ya wuce faɗin mutum biyu, iska ba ta da hanyar shigowa ƙasa. A bakin titi kofuna na motsi kaɗan, wani lokaci ma tirotiro, ƙaramar motar haya, ce ta wuce ta kaɗa su, kuma sai da aka yi rigima kafin masu rubutu suka yarda a soke irin wannan. Baranda ce kaɗai ke da abin kirki, ita ma sai rana ta yi tsaka. Gab da tashi kofin ja har wuyar ƙirgawa yake.

Hazon hunturu na makonnin nan bai taimaka ba. Yara sun zaci tunda ƙura ta rufe gari dole akwai iska. Ƙurar daga nesa take, yawancinta daga ƙwarin Bodele a ƙasar Chadi, kuma kafin ta iso gaɓar teku ƙarfin da ya ɗauko ta ya ragu sosai. Abin da ke juya mana kofuna da rana daga kudu yake zuwa, daga wajen teku. Mun tabbatar da haka da zaren da muka ɗaura a kan sanda.

Me ya sa sai da rana? Na kawo robobin wanki biyu, ɗaya da yashi ɗaya da ruwa, muka ajiye su a rana tun safe. Da azahar kowa ya sa hannu. Yashi ba ya taɓuwa, ruwa kuwa ɗumi kawai ya yi. Haka ƙasar Akra da tekunta suke kullum: tudu ya riga ruwa yin zafi, iskar da ke kansa ta yi sauƙi ta tashi sama, ta kan teku mai sanyi ta kwararo ta cike gurbin. Da dare tudu ya riga hucewa, abin ya lafa ko ya juya. Wani ya ce to ashe rana ce ke tura iska. Ban ƙara masa komai ba.

Matsalar da wannan ya jawo min ta jadawali ce. Darasin kimiyya ƙarfe tara na safe yake, lokacin da ko ganye ba ya motsi. Na roƙi malamin lissafi muka yi musaya, na karɓi darasin ƙarshe na Alhamis. Ya yarda da sauri, don shi ma ya gaji da koyar da kasafi ga yaran da yunwa ta kama.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Makonni biyun nan a kan fukafukai muka yi su, kuma nan ne aikin ya fi daɗi. Kowane rukuni ya samu murfin robar fenti a matsayin cibiya, da kwali, da tsinke. Wasu fiffike biyu, wasu uku, wasu shida, rukuni ɗaya suka dage sai goma sha biyu don a ganinsu yawa shi ne ƙarfi. Mun aro fankar ofis don kowa ya samu iska iri ɗaya. Masu ɗauko kwalaye daga kasuwa sun sha fama a hanya, iska na wahalar da mai kayan kara.

Abu na farko da suka gano da kansu: fiffiken da ya fuskanci iska a miƙe ba ya juyawa, turawa baya kawai ake yi masa. Sai an ɗan karkata shi, kuma duka su karkata gefe ɗaya. Wani rukuni sun karkata biyu dama ɗaya hagu, abin ya tsaya yana rawa, suka ce fanka ce ba ta son su.

Sai gasa. Na ɗaura zare a jikin sandar tsakiya, a ƙarshensa kofi, muna zuba tsabar pesuwa hamsin-hamsin mu ga wanne zai naɗe zaren ya ɗaga kaya mafi nauyi. Mai goma sha biyu ya cinye, yana tafiya a hankali amma bai tsaya ba. Suka yi ta tsalle. Da aka koma gasar sauri, mai uku ya bar kowa a baya, mai goma sha biyu ya zama na ƙarshe. Rigima ta kaure kan wanne ne gwani.

A nan na kawo tarihi, don yanzu yana da wurin zama a kansu. Injinan iska na farko da aka sani a yankin Sistan suke, kan iyakar Iran da Afganistan, sama da shekara 1,000 da suka wuce, kuma niƙa hatsi suke yi. A Holan ruwa suke kwashewa daga ƙasar da ta fi teku gangare. A Kinderdijk har yau akwai guda 19 da aka gina wajen 1740. Niƙa da ɗaga ruwa ƙarfi suke so, ba gaggawa ba. Da aka zo neman lantarki, Charles Brush a Amurka ya gina nasa a 1888 da fukafukai 144, ƙato ne amma kilowat 12 kawai yake bayarwa. Wanda ya gane cewa janareta sauri yake so, kuma fukafukai kaɗan masu gudu sun fi, malamin makaranta ne a Askov ta ƙasar Denmak, Poul la Cour, wanda ya fara gwaje-gwajensa a 1891. Na ɗan ja wannan maganar fiye da kima, na sani, amma ba kullum malamin makaranta ke fitowa a irin wannan labari ba.

Mun tsaya a kan uku.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Wani yaro ya zo da mataccen fanka daga gidansu, a ka ya ɗauko shi. Hujjarsa mai kyau ce: in wuta na juya fanka, to juya fanka zai ba da wuta. Muka haɗa wayoyinta da mitar gwaji, ƙarfafan ajin suka yi ta juya farfela har gumi. Allura ba ta ko gyaɗa kai ba.

Bayan an tashi na ɗauki fankar da yara uku muka je shagon wani dattijo mai gyaran fanka da rediyo a bayan kasuwa. Yau ranar kasuwar Nima ce, sai da muka kutsa tsakanin buhunan masara da aboboya, baburan kaya masu ƙafa uku, kafin mu isa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, mun zo da tambaya ne, ba gyara ba." Ya kwance bayan fankar, ya zaro abin da ke juyawa a ciki, ya miƙa wa yaron da sukundireba ya ce ya manna. Ƙarfen bai kama ba. Sai ya jawo wata tsohuwar firinta daga ƙarƙashin benci, ya ciro ƙaramin injin da ke jan takarda, ya ce a sake gwadawa. Sukundireba ta manne ƙam.

"Ka gani, Malam? Wannan akwai maganaɗisu a cikinsa. Ita fanka babu, sai an ba ta wuta take samun nata. In ba maganaɗisu ya gilma ta gaban kwayil ba, ko kwana za ku yi kuna juyi ba za ku ga komai ba."

Ya haɗa ƙaramin jan ƙwai a wayoyin, ya murza sandar da yatsa biyu, ƙwan ya yi walƙiya ya mutu. Yaran uku suka yi ihu tare. Abin da Michael Faraday ya gano a 1831 ke nan, kuma ban taɓa ganin wanda ya bayyana shi a taƙaice kamar dattijon nan ba. Ya ƙi karɓar kuɗin injin. Ya dai ce in ya kama a zo a gaya masa. Ya kuma ja kunnenmu kan ƙafafun ƙwan: doguwa da gajeruwa ba ɗaya ba ne, in an juya su ba zai kama ba. Jan ƙwai ya ce mu saya a Zongo Lane, layin masu sayar da kayan lantarki a Akra, don shi volt biyu ma ya ishe shi, fari kuwa sai wajen uku.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kwali ya yi laushi, mun koma bututun roba na ruwa. Wani uba kafinta ne, ya tsaga mana shi a tsaye gida-gida ya goge bakin, lanƙwasar bututun ta ba fiffike siffar da ake so ba tare da wahala ba. A gaban fankar ofis ƙwan ya kama. Murna ta yi yawa har sai da na tuna musu cewa wutar bango ce ke juya fankar, saboda haka ba mu ci komai ba tukuna.

'Yar mai koko ta sake zuwa da tambaya: in injin ya cinye iska, na bayansa fa? Muka jera filfilwa biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ta baya ta rage gudu, amma ba ta tsaya ba. Na gaya musu wani Bajamushe, Albert Betz, ya yi lissafin wannan shekara ɗari da suka wuce: komai kyan inji ba zai ɗebi fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa shi ba, don in ya tsayar da ita ɗungurungum ta bayanta ba ta da wurin wucewa. Raguwar gudun iskar da ke bayan inji ce ta sa ake ba manyan injina tazara mai yawa a tsakaninsu.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi ya kama, ga hutun ranar 'yancin kai na 6 ga Maris, aiki ya ja baya. Yara da yawa na gwada azumi, ba zan tsayar da su a rana ba. Lissafi muka yi a inuwa. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta ba biyu yake ninkawa ba, biyu sau biyu sau biyu ne, takwas. In tsawon fiffike ya ninka biyu, da'irar da yake sharewa ta ninka huɗu. Da suka duba littafin ma'auni da wannan ido, suka ga dalilin da ya sa baranda ta yi wa tsakar gida nisa haka.

Ranar Asabar da safe waɗanda ke kusa sun same ni a filin Kawukudi da igiya. Muka auna mita 60 a ƙasa, kusan tsawon fiffike ɗaya na injinan Taiba N'Diaye a Senegal, inda guda 46 ke ba da megawat 158 tun 2020. Yaro ya tsaya a kowane ƙarshe, sai da ɗaga murya suke jin juna. Na faɗa musu na tafkin Turkana a Kenya, injina 365, megawat 310, da na Lambar Rimi a Katsina mai megawat 10, wanda ya daɗe ana jiransa. Wani ya ce kakansa Bakatsine ne, ya ɗauki abin kamar nasu na gida.

Suka tambayi na Gana. Babu babba ko ɗaya da ke aiki tukuna. Inda aka fi sa rai gaɓar teku ce gabas da Tema, wajen Ada da Anloga, kuma hukumar kogin Volta ta daɗe da shirin kafa wajen megawat 150 a can. A ganina tunda ruwan Akosombo ya taɓa ja baya har aka yi rabon wuta, a 1983 da 1998 da 2007, bai kamata iskar gaɓar nan ta ci gaba da wucewa a banza ba. Amma wannan ra'ayina ne, ban sa shi a jarrabawa ba.

Talata, 18 ga Maris

Wata Hajiya mai bene a bayan makaranta ta ba mu aron samanta. Dakali ne na siminti da katanga har ƙirji, don haka sharaɗin hedimasta bai karye ba. Ta ce, "Malam, ku hau, amma kada a taɓa min tankin ruwa, kuma yaro biyar-biyar." Mai walda ya yi mana sanda da boris na keke a kai, muka sa wutsiyar falanki a baya don injin ya riƙa juyowa da kansa ya fuskanci inda iska ta fito.

Ƙarfe ɗaya da rabi fukafukai na juyi, ƙwai shiru. Wajen biyu da kwata wutsiya ta karkata, hancin ya kalli teku, sautin ya canza, ƙwan ya kama. Da rana tsaka ba a ganin haskensa sai an kewaye shi da tafin hannu, haka suka riƙa yi ɗaya bayan ɗaya. Yana kamawa yana mutuwa yadda iska ta ga dama, kuma yanzu ba wanda ya ce injin ne ya lalace. Na aika yara biyu su gaya wa Baba mai gyara.

Na ba su labarin William Kamkwamba na Malawi a kan matakala, yaron da yana ɗan shekara 14 ya haɗa nasa da tarkacen keke da farfelar tarakta. Da gangan na ajiye shi sai yau, bayan sun ga nasu.

Litinin, 24 ga Maris

Hadarin daren Asabar ya zo daga gabas da iska mai ƙarfi. Fiffike ɗaya ya tsage daga gindi, jikan Hajiya ya tsinto shi a lungu. Wutsiya ta yi aikinta, ta juya injin ya fuskanci guguwar gaba da gaba, kuma ba shi da birki. Manyan injina sukan fara aiki a gudun mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, in ya kai wajen 25 sai su murɗe fukafukansu su tsaya. Na ba rukunoni aikin zana yadda namu zai kare kansa. Shawarwari sun haɗa da birkin keke, da igiyar da za ta ja wutsiya gefe, da wanda ya ce a sa ƙaninsa gadi.

Laraba, 9 ga Afrilu

Salla ta wuce, jarrabawa ta ƙare. Mun sauko da injin, yana bayan kabad a ofishin hedimasta. Igiyar wutsiya ce ta ci zaɓe, kafinta ya ce zai yanko sababbin fukafukai daga bututu mai kauri, da wasa biyu a kowane gindi. Saura batir ƙarami da abin da zai hana wuta komawa cikin injin, don yara na son ƙwan ya kama da dare, lokacin da iskar teku ta kwanta. Baba ya ce a kawo masa zanen kafin a sayi komai.

Littafin ma'auni zai ci gaba a zango na uku, har da saman benen Hajiya a matsayin wuri na huɗu. Akwai matsala ɗaya da na gaya musu yau: watannin da iska ta fi ƙarfi a Akra su ne Yuli zuwa Satumba, kuma Agusta duka muna dogon hutu. Yara shida da ke layin Hajiya sun rubuta sunansu za su riƙa aunawa bayan la'asar. Hajiya ta ce sai iyayensu sun zo da kansu sun gaya mata. Takardar iyayen na rubuta, gobe za a raba ta tare da sakamakon jarrabawa.